Tarihin Mako: Bakaksil ɗin Fijo da darasin da kanikawanmu suka bar mana

A makon nan za mu leƙa ƙarƙashin mota, mu duba wani ƙarfe da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya fara kuka a tsakiyar daji, wato bakaksil. Tambayar da ake yawan yi a gareji ita ce, na waccan motar zai shiga wannan? Tambaya ce tsohuwa, kuma a kan Peugeot, wadda muke kira Fijo, kanikawan ƙasar nan suka fi koyon amsarta.

Ga wanda bai sani ba, ga aikin abin a taƙaice. Inji yana juya giya, giya ta juya farfela, farfela ta kai juyin baya. A can cikin tukunyar da ke tsakanin tayoyin baya akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da babban faifai mai haƙora, su ke karkatar da juyin zuwa tayoyi. Akwai kuma wasu ƙananan haƙora da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Ba don su ba, da duk kwana sai taya ɗaya ta riƙa jan ƙasa.

Fijo 404 ta fito a Faransa a 1960, ta kuma yi suna a Afirka bayan ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Bakaksil ɗin salun ɗinta na daban ne. A maimakon haƙora biyu masu cizon juna, wani ƙarfe ne mai murɗiya kamar ta noti yake juya faifan tagulla mai haƙora 21. Murɗiyar zare biyar ce, don haka farfela kan juya sau 4.2 kafin taya ta juya sau ɗaya. Tagulla ba ta shiri da kowane irin man giya. Wanda ya zuba mata wanda bai dace ba, faifan yakan riƙa cinyewa a hankali har mota ta tsaya. Tsofaffin direbobi sun san wannan, shi ya sa ba kowane yaron gareji suke bari ya taɓa musu wurin ba.

A 1968 sai ga 504, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. An kafa kamfanin PAN a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Daga nan Fijo ta zama motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar tasha. Daga Kano zuwa Maiduguri, daga Sakkwato zuwa Kwanni, daga Katsina zuwa Maraɗi, wagon ce ke ɗaukar mutane da kayansu.

To a nan ne rikicin yake. Suna ɗaya ne, 504, amma ƙarƙashinsu ba ɗaya ba ne. Salun ta farko an ɗaure mata tukunyar a jikin mota, kowace taya da nata sandan, tana hawa da sauka ita kaɗai. Wagon kuwa doguwar gada ce guda daga taya zuwa taya, da nannaɗaɗɗun sifirin biyu a kowane gefe saboda kaya. A-kori-kura tana da gada ita ma, amma a kan sifirin mai ganye. Sannan a 1973 aka fito da salun mai rahusa, 504 L, ita ma da gada guda. Ke nan ana iya ajiye salun biyu kafaɗa da kafaɗa, a leƙa ƙasa a ga abu biyu daban. Ga kuma tsawo: tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ne a salun, 2.90 a wagon. Farfelar Fijo a cikin bututu take tafiya, saboda haka wannan 'yar tazara ta isa ta hana abu zama.

Da 505 ta fito a 1979, ta gaji tsarin ƙarƙashin 504 sosai. Wannan gadon ya zama rufin asiri bayan 1986, lokacin da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin mai mota. Sai aka koma ga gawar motoci. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama makarantu. Motar da ta yi haɗari da gaba, bayanta na nan lafiya, a kwance a ɗaura wa wata. Ga na gwangwan da ke shigowa ta Kwatano da Legas. Da yawan kanikawan da suka ƙware a wannan aiki ba su taɓa riƙe littafin kamfani ba. Da ido, da igiyar awo, da ƙirgen haƙora suka gane wanne ke auren wanne.

Ƙirgen haƙoran nan shi ne zuciyar maganar. Akwai bakaksil mai 35 da 9, wato juyi 3.89. Akwai mai 37 da 9, wato juyi 4.11. Daga waje kamarsu ɗaya. Idan aka cire na farko aka sa na biyu, mota za ta ƙara ƙarfin tashi da hawan tudu, amma a kan doguwar hanya inji zai riƙa ihu, ya ƙara shan mai. Maleji ma zai fara ƙarya, domin daga giya yake ɗaukar lissafi: yana nuna 100, mota tana kan 95 ko kusa da haka. Idan aka yi akasin haka a motar da ke ɗaukar kaya, za ta yi sanyi wajen tashi, kuloci ya riƙa ɗanɗana kuɗarsa. Direban tasha da ya sayi irin wannan a kan arha, a gidan mai da gareji yake biyan cikon kuɗin.

Akwai wata ƙa'ida da manyan kanikawa ba sa wasa da ita. Babban faifai da ƙaramin ƙarfen tare aka goge su a masana'anta, mata da miji ne, ba a raba su. Wanda ya ɗauko faifai daga nan, ƙarami daga can, ko da haƙoran sun yi daidai a ƙirge, zai ji kuka tun kafin ya bar gari. Haka nan tazarar da ke tsakaninsu sai an daidaita ta da siraran wasa, a duba boris, a duba inda haƙori ke taɓa ɗan uwansa. Gaggawa a wannan wuri tana iya sa tayoyin baya su ƙulle ana cikin gudu, da rayuka a cikin mota.

An daina haɗa 504 a Kaduna a 2006, shekara 38 bayan fitowarta. Motocin da suka maye gurbinta, irin su 406 da Golf, da gaba suke ja, tukunyar tasu tana cikin akwatin giya. Sai ga shi an fara samun bakaniken da ya shekara biyar yana aiki bai taɓa buɗe bakaksil ba. Amma Hiace da Hilux da manyan motoci har gobe da baya suke turawa, kuma tambayar tana nan. A mota mai ja da ƙafa huɗu ma abin ya fi tsanani, domin dole juyin gaba da na baya su zo ɗaya, in ba haka ba ƙarafan tsakiya za su riƙa kokawa da juna har wani ya karye.

Saboda haka duk wanda aka ce masa “ai duk ɗaya ne, zai shiga”, ya nemi a buɗe a gabansa. A ƙirga haƙora, a gwada tsawo da wurin ɗauri, a ƙirga tsagar bakin sanda, a duba birki. Shiga daban, dacewa daban.

Muna da dattawan kanikawa da tsofaffin direbobin Fijo a wannan zaure. Muna roƙonsu su ba mu labarin abin da suka gani da hannunsu, musamman wanne ya zauna a wanne, domin matasanmu su ƙaru. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Allah Ya jiƙansu. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.