Masu Kushin: Daga Sirdin Doki Zuwa Kujerar Fijo



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san irin motar da ke cikinsu. Sabuwa ce dal, baƙa wuluk, sanyi da ƙamshi na tashi, Alhaji ya kame a baya yana danna waya. To amma motar da mai karatunmu yake shiga daga Sule Tankarkar zuwa Gumel, ko zuwa Maigatari ranar Alhamis, sau da yawa ta girmi shi kansa marubucin. Kujerar da yake zaune a kai an farke ta an sake ɗinke ta sau biyu ko uku. Wanda ya yi wannan ɗinki shi muke kira mai kushin, kuma sana'arsa tana da tarihin da ya kamata mu sani kafin mu sake saka wani a mota a cikin labari.

Kafin mota, doki ne abin hawan mai hali, kuma ƙasar Gumel ƙasar dawaki ce. Masarautar Mangawa ce da ta yi zamani tana bin Borno, a bakin hanyar fatake masu zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram da gabas. Sirdi guda kuwa hannu da yawa ke taruwa a kansa. Masassaƙi ya fitar da icen, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami, baduku ya lulluɓe icen da fata ya ɗinke da basilla. A ƙarƙashi a sa zubka don kada ice ya ci bayan doki, a sama a shimfiɗa jalala don ado da jin daɗin mahayi. Ga kuma lifidi, wanda ake cusa wa audugar rimi a ɗinke layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Mu lura da abubuwa ukun nan: ƙashi mai ɗaukar nauyi, abin cusawa mai laushi, da riga ta sama. Ko yau aka farke kujerar kowace mota, su za a tarar. Wannan layi-layin da muke gani a bayan kujerar Marsandi, aikinsa ɗaya da na ɗinkin lifidi.

Fatar ma tamu ce. Majema suna jiƙa ta, su tuje gashin, su jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi. Har yau ana wannan aiki a majemar Ƙofar Wambai a Kano, kuma akwai unguwa guda a birnin mai suna Dukawa. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalma da jemammiyar fata ke fita daga birnin zuwa arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi takan ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa su saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko, sai suka laƙaba mata sunan Maroko. Da ita suka riƙa yi wa manyan littattafansu bango. Mu da muke fama da bangon kwali mai ɓarewa kafin a gama karatu, wannan abin tunawa ne.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma zuwa 1930 an kai layin dogo Nguru, ya ratsa ta Gagarawa. Manyan motoci masu bodin katako suka biyo baya suna kwasar gyaɗa da fatu zuwa tasha. A wannan zamani babu ruwan talaka da kushin. Kafinta ne ke jera benci a bayan mota, fasinja ya naɗe bargonsa ya zauna a kai.

Abin ya sauya ne a shekarun 1970. An kafa kamfanin haɗa Fijo na Kaduna a 1972, ya fara fitar da motoci a 1975 daga masana'antarsa da ke Kakuri. A shekarar ce kuma kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata har da ariya. Gwamnati ta mayar da Fijo motar ofis, malamin makaranta da akawun ƙaramar hukuma suka iya karɓar bashin mota. 404 a-kori-kura ta zama jakar 'yan kasuwar ƙauye, doguwar 504 ta mamaye tashoshi. Sai dai muddin sabuwar mota tana sayuwa, mai gyaran kujera ba ya samun wani ciniki, don kafin kujera ta mutu an sayar da motar an sake wata.

A ganinmu 1986 ce shekarar da ya kamata masu kushin su riƙa tunawa. A shekarar gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Wanda yake da 504 ya gane cewa ita ce zai tsufa da ita. Wanda ba shi da ita ya koma jiran na hannu daga Turai, waɗanda ake saukewa a Kwatano, muke ce musu tokumbo ko 'yan Beljiyam. Mota ta daina mutuwa. Ta bar hannun darakta ta koma na ɗan kasuwa, daga nan ta shiga tasha, daga tasha ta gangara hanyar ƙauye tana ɗaukar buhunan gero da riɗi da awaki. A kowane mataki sai an sake mata ciki. Nan teloli da kafintoci masu kujerun falo da 'ya'yan dukawa suka sami sabuwar kasuwa, suka kafa rumfuna a gefen garejin makanikai, kusa da mai walda da mai fenti.

Ita wannan 504 da muka raina tana da 'yar uwa ta ƙwalisa. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka fito da mai ƙofa biyu wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Fijo 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, mai ƙofa biyun ta sake cinye shi a 1978 a hannun direba Jean-Pierre Nicolas. Yau a Turai irin wannan tsohuwar motar tsere dukiya ce. Mai ita zai yi watanni yana neman yadi ko fata mai launin da ta fito da shi daga masana'anta, ya ƙirga layin ɗinki don kada ya ƙaru ko ya ragu, domin duk abin da ya saɓa wa na asali yana rage mata kuɗi. Mai kushin na Gumel da takwaransa na Faransa kusan kayan aikinsu ɗaya, amma tambayar da ake yi musu daban. Can ana tambaya ko ta koma yadda take a 1969. Nan direba yana tambaya ko za ta kai baɗi, kuma ko za ta ɗauki mutum huɗu a inda aka yi don uku.

Ga yadda aikin yake, don wanda zai rubuta shi ya rubuta daidai. Ana kwance kujera a fito da ita waje, a cire ƙananan ƙarafan da suka riƙe rigar a jikin ƙashin. Tsohuwar rigar ba a yar da ita, komai yagewarta. Da reza ake bin ɗinkinta a farke ta ƙyalle-ƙyalle, kowane ƙyalle a shimfiɗa shi kan sabuwar leda a zagaye da alli, a bar ɗan rara na ɗinki. Ita ce ma'auni, kuma yaron da ya yi gaggawar yaga ta ya jawo wa kansa faɗan maigida. Gwani yana sane da cewa tsohuwar ta miƙe saboda shekaru, don haka yakan ɗan rage, in ba haka ba sabuwar ta zo da tattara kamar rigar aro. Sai a duba ƙashin. Inda ya tsage a kai wa mai walda, sifirin da ya karye a ɗaure ko a sake. Tsofaffin Marsandi da Bosuwaja ba soso ne a cikinsu ba, wata tabarma ce ta gashin dabba da zaren kwakwa da aka haɗe da roba, wadda in ta tsufa take zuba kamar dusa a ƙarƙashin kujera. Yanzu soso ake sawa, kuma a nan ake gane mai amana. Soso mai nauyi yana da tsada amma yana shekaru. Mai arha yana da kyan gani ranar da aka karɓi mota, bayan wata uku fasinja ya fara jin ƙarfe. Wani ma ragowar tsohuwar katifa yake yankawa ya cusa, wa zai gani?

Bayan kujera akwai marfin ƙofa na ciki. Asalinsa wani kwali ne mai tauri, kuma da zarar robar gilashi ta mutu, ruwan damina ya shiga ya kumbura shi. Akan yanka falankin katako marar kauri a madadinsa, a shafa gam, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a manna leda a ja ta baya. 'Yan maƙallan roba da ke riƙe shi kan karye wajen cirewa, shi ya sa muke ganin kan kusoshi a jere a ƙofar motocin haya. Silin kuma iri biyu ne. Na tsofaffin motoci yadi ne da aka rataye a kan sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, ana iya ɗinka sabo. Na su Golf allo ne da aka manna wa yadi mai siririn soso a baya, zafin rana ya cinye soson, yadin ya sauko yana shafar hular fasinja. Dashbod kuwa in rana ta tsaga shi magani ya ƙare, sai dai a rufa masa asiri da kafet ko wannan yadi mai gashi-gashi. Akwai kuma abin da babu injiniyan Faransa da ya taɓa zana shi: ɗan matashin da ake ɗinkawa a ɗora tsakanin kujerun gaba, a kan birkin hannu, don fasinja na biyu.

Mun yi ta cewa leda, to mu tsaya kan kalmar. Daga sunan fata a Turanci muka aro ta. Da aka kawo robar da aka yi wa zanen fata, da sunan fata aka sayar mana da ita, sunan ya zauna, har ya gangara kan shimfiɗar tsakar ɗaki da jakar da ake ƙulla ƙosai. Yau in Bahaushe ya ce leda, abin da yake nufi shi ne duk abin da ba fata ba. Marubucin da ya fassara kai tsaye ya ce attajirinsa na zaune kan kujerun leda, ya talauta shi bai sani ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wannan. Kowace Alhamis Maigatari na cika da shanu da raƙuma da awaki daga Nijar da ƙasashen da ke bayanta, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Fatun awaki da tumaki suna tafiya masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, mafi yawa a fitar da su zuwa Italiya da Sifen da Sin. Kujerar mota fatar sa take so saboda faɗi da kauri, mu kuwa fatar sa ganda muke yi da ita, ta tafi tukunya. Wadda ta tsira ma sau da yawa wuƙar mahauci ta huda ta wajen fiɗa, ko tambarin wuta da cizon kaska sun ɓata ta. Kamfanin Connolly na Ingila, wanda ya shekara da shekaru yana ba Rolls-Royce da Jaguar fatar kujera, ya fi son fatun shanun arewacin Turai saboda ba su da tabo. Don haka mai kushin da ke zaune tafiyar ƙasa da awa guda daga Maigatari sai ya hau mota zuwa Kano ya sayo robar da aka yi a Sin, wadda ke ƙona cinya a watan Afrilu, ta tsattsage bayan hunturu biyu.

Yanzu sana'ar na fuskantar abu biyu. Na farko rigunan kujera ɗinkakku da ake shigowa da su, a zura a ɗaure cikin minti kaɗan, sun janye masu ƙananan motoci na gida, an bar masu kushin da motocin haya da Keke Napep da sirdin babur. (Mu lura, kujerar babur har yau sirdi wasu ke ce mata.) Na biyu ya fi haɗari. Tokumbon da ke shigowa yanzu da yawa suna da jakar iska ta kariya a gefen kujera, kuma masana'anta kan yi wa wurin ɗinki mai rauni da gangan don ya fashe lokacin haɗari. Wanda ya koyi aiki a kan 504 an koya masa cewa ɗinki mai kyau shi ne wanda ba ya fashewa. Sai ya bi wurin da zare mai ƙarfi layi biyu, ya rufe jakar ruf. Haka ramin bel, direba kan ce a toshe shi tunda fasinjan baya ba sa ɗaurawa. Masu duba lafiyar mota a hanya taya da fitila da takardu suke dubawa, ba sa farke kujera.

An daina haɗa 504 a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000, kuma waɗanda suka koyi aiki a kanta tun tana sabuwa yanzu furfura ta cika musu kai. Su ne suka san wace shekara soso ya kori audugar rimi a rumfarsu, wa ya fara kawo keken ɗinki mai jan leda garinsu, da sunan da suke kiran kowane ƙarfe da ke cikin kujera. Rumfunansu na nan a bayan tasha, kuma an fi samun su da sauƙin hira ranar da ba kasuwa, bayan la'asar, lokacin da suke jiran gam ya sha iska.