Maƙeran Ƙasar Fakku da Wuƙaƙen da Ba Su Ɗauke da Sunan Kowa

Duk wanda ya ratsa kasuwannin ƙasar Tambuwal da Kebbe, tun daga bakin Gulbin Zamfara har ya gangara Fakku a bakin Gulbin Ka, idan watan Zulhajji ya kama kuma ragunan layya suka cika turaku, ba zai rasa ganin rumfar maƙera cike da jama'a ba, an shimfiɗa buhu a ƙasa an jera wuƙaƙe manya da ƙanana, ta yanka daban, ta fiɗa daban, ga adda ga gatari ga barandami. Mai saye yakan tsuguna ya ɗauki ɗaya ya jinjina nauyinta, ya ƙyasta ta da farce ya kasa kunne ga amonta, sa'an nan ya goga kaifin a gashin hannunsa. In ta aske, sai a shiga ciniki. "Maƙeri, wannan sifirin ne kuwa?" "Alhaji, in ta lanƙwashe dawo mini da abata." Abin da ba zai gani ba, ko da ya juya ruwan wuƙar ciki da bai, shi ne sunan wanda ya ƙera ta.

Ba don sana'ar ta rasa daraja ba ne. Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya wa sura guda sunan ƙarfe, wato Suratul Hadid, kuma ya tausasa shi ga Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har ya riƙa saƙa sulke da shi. A ruwayoyinmu na gida ma maƙeri yana tsaye a ƙofar tarihi, domin an ce Abagayawa da suka fara zama gindin Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya neman tama, kuma maƙeran Gaya ɗin ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. To, amma ko a wannan ruwaya, mai riƙe da wuƙar ne aka kiyaye sunansa.

Haka al'amarin ya gudana a wannan yanki namu, wanda da wuya a sami ƙasar da ta ci ƙarfe kamarsa a ƙarni na 19. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu ta ci Birnin Kebbi a 1805, ta koma Gwandu da zama, ta sha wuya a Alwasa cikin wannan shekara. Daga baya Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal yana tsaron wannan gefe na daular Sakkwato, kuma tun da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a Argungu a 1849, yaƙi tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato bai kwanta ba, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har Nasara suka iso. Littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu sun kiyaye mana sunayen jarumai da shahidai da wuraren da aka gwabza, Allah ya saka musu da alheri. Amma kowace kibiya da aka harba, da kowane mashi da asigiri da linzami da likkafa, sai da wani bawan Allah ya zauna gaban wuta ya buge su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya mai karatu ya ci karo da sunansa.

Ya kamata a rarrabe tsakanin takobin manya da makamin talaka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana shigo da ruwan takubba dubbai kowace shekara ta hanyar Sahara, galibinsu ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus, sa'an nan a yi musu ƙota da kube a nan gida a sake fita da su. Ashe ke nan takobin da basarake ke ratayawa da hamila aikin hannu da yawa ne: ruwansa na Turai, adon ƙotarsa na maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa, kubensa na dukawa. Amma wuƙar hannu da ake ɗaurawa a damtse, da kan kibiya, da fartanya da lauje, waɗannan na maƙeran baƙi ne tsantsa, daga tamar ƙasarmu. Shi dai wannan Barth da ya iso Sakkwato a 1853 ya yaba ƙarfen kasuwarta, ya fifita shi bisa na Kano, kuma wannan shaida ce daga baƙo wanda ba ya neman yardar kowa.

Wannan ƙarfe kuwa a wancan zamani ba a sayo shi daga waje, haƙo shi ake yi. Idan kaka ta wuce aka kai amfani rumbu, sai masu narkar da tama su nufi tuddan nan masu jan dutse da suka yawaita a ƙasar Sakkwato da Gwandu, su sassare ƙirya su toya gawayi, domin gawayinta ne mai riƙe wuta, su gina matoya ta yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, su kwana suna tsaron wuta har kashin tamar ya tsiyaye ƙarfen ya dunƙule a gindi. Wannan ilmi ya ƙare a idon kakanninmu. Sakkwato ta faɗi a hannun Ingilishi ranar 15 ga Maris 1903. A 1906 talakawan Satiru suka tunkari bindiga da gatura da fartanyu, suka yi nasara sau ɗaya, aka dawo aka shafe garin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma da ƙarfen Turai da tarkacen reluwe da na mota suka cika kasuwa, ba wanda ya sake ganin dalilin kwana a daji gaban matoya.

Ƙira kanta dai ba ta mutu ba, kuma mai shakka ya je maƙera da sassafe. Yaro na zaune yana danna zugazugi, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Maƙeri ya cusa guntun sifirin mota cikin gawayi, ya jira har ya yi jawur, ya zaro shi da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yanke gwargwadon bukata da kurfi, sa'an nan masaba ta shiga aiki, tana miƙar da bayan, tana sirantar da bakin, ana mayarwa wuta ana fitarwa. Wurin da gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne lokacin tsoma kaifin cikin ruwa, domin babu ma'auni sai ido: in wutar ta yi yawa wuƙar ta yi gautsi ta karye a ƙashin farko, in ta gaza ta yi laushi ta dakushe kafin a gama fiɗar akuya. Wannan sanin launin wuta ba ya cikin littafi, uba ne ke zuba shi a idon ɗansa shekara da shekaru.

A ƙasar Amurka, inda masana'antu suka kusa binne ƙirar hannu, sai masu sana'ar suka kafa ƙungiya a 1970, wani maƙeri mai suna Bill Moran ya nuna wuƙaƙen ƙarfe mai ninki irin na Dimashƙa a taronsu na 1973, kuma a 1976 aka kafa wata ƙungiyar ta masu ƙira da wuta da guduma, wadda ba ta ba mutum matsayin gwani sai wuƙarsa ta tsinke igiya mai reto da sara ɗaya, ta datse katako, ta kuma aske gashi bayan haka, sa'an nan a lanƙwasa ta ba ta karye ba. Kowace shekara ana taruwa a birnin Atlanta, maƙeri na tsaye bayan teburinsa, masu tara wuƙaƙe na zagayawa, kuma abin da suke fara dubawa shi ne hatimin mai ƙira a gindin ruwan. Ba na sha'awar wuƙar da za a saya da kuɗin gona a kulle ta cikin gilashi ba ta taɓa yanka ko albasa ba. Wannan israfi ne a wurina. Amma ladabin da suka yi na jingina aiki ga mai shi, lalle namu ne tun kafin ya zama nasu, domin mu ne mutanen isnadi, waɗanda ba su karɓar hadisi sai sun san wa ya ji daga wa, kuma malaminmu yana iya lissafa silsilar malamansa har zuwa Shehu. Maƙeri ma yana da silsila, kuma makaɗan dundufa suna ambaton ta a bikin maƙera, sai dai ba wanda ya ɗauki alƙalami. Hatta a taron 'yan tauri, inda wuƙaƙe ke fitowa fili fiye da ko'ina, fatar da ƙarfe ya kasa ci ake yi wa kirari.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da sarakunan maƙera na Fakku da Kebbe da Kuchi da Tambuwal, da ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke dawowa gida hutu, a zauna da dattawan maƙera tun suna raye, a rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu, da ramukan da aka haƙi tama, da abin da kowane gida ya shahara da ƙerawa. Wanda ya gaji tsohon takobi ko mashi ko wuƙar hannu kada ya auna wa 'yan gwangwan a kan kilo, kada kuma ya miƙa wa dillalin da zai ƙetare da shi. Ya rubuta abin da ya ji game da shi a takarda ya ajiye tare, in kuwa ba zai iya tsare shi ba, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ga na Kanta a Argungu. Ku kuma maƙeran yau, Allah ya yi wa hannuwanku albarka, kowane gida ya zaɓi alamarsa ya riƙa buga ta da kurfi a gindin wuƙa tun ƙarfen yana da zafi.