Yadda Mutanen Denmak Suka Kai Injin Iska Cikin Teku

Denmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, ruwan teku ya kewaye ta ta kowane gefe sai ta kudu, inda ta yi iyaka da Jamus. Ba ta da manyan kogunan da za a datse a sami lantarki, ba ta kuwa da kwal na kirki. Abin da Allah ya hore mata a yalwace shi ne iska, wadda ke busowa daga yamma, har itatuwan bakin gaɓa su kan tashi a karkace.

Tun cikin 1891 wani malamin makaranta, Poul la Cour, ya kafa injin iska a garin Askov, ya sami lantarki da shi. Da ya ke iska ba ta da alkawari, sai ya riƙa raba ruwa da wutar, yana tara gas ɗin da ke fita, da shi ake haskaka makaranta da dare. Cikin 1957 almajirinsa Johannes Juul ya gina wani a Gedser mai fikafikai uku, siffar da ake bi har wa yau. Shekara goma ya yi yana juyi, sa'an nan aka tsai da shi, don mai ya yi arahar da ba wanda ke kula da iska.

Ana nan sai ga shekarar 1973, yaƙi ya tashi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka rage man da su ke sayarwa, kuɗinsa ya ninka wajen sau huɗu. Lokacin nan kashi 90 cikin ɗari na makamashin Denmak daga man waje ya ke. Abin ya kai har aka hana hawa mota ran Lahadi. Nan suka tuna guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma kada mai karatu ya zaci nan take suka rungumi iska. A'a, kwal suka fara komawa, shi ma na waje, ga kuma hayaƙinsa da ke ɓata sararin sama. Aka yi ta gardama a kan lantarkin nukiliya, har cikin 1985 majalisa ta yanke cewa ba za a gina shi ba.

Manoma da maƙeran ƙauye su ne suka fara riƙe iska da gaske. Daga 1979 gwamnati ta riƙa biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin inji, maƙwabta su kan haɗa kuɗi su sayi guda su kafa a gona. Kamfanin Vestas ma dā kayan noma ya ke ƙerawa. To, amma ƙasar ƙarama ce. Injuna na yawa, ƙara ta yi yawa, wanda ba shi da rabo ciki ba ya son inuwar fikafikai tana gilma masa ta taga. A teku kuwa ba maƙwabci, iskar can ta fi ƙarfi, ta kuma fi ɗorewa, don ba tudu ko kurmin da zai tare ta.

Saboda haka cikin 1991 aka kafa injuna 11 cikin ruwa mara zurfi a Vindeby, gefen tsibirin Lolland. Su ne na farko irinsu a duniya. Dukansu ba su cika megawat 5 ba, watau abin da zai ishi gida wajen 2,200. Mutane da yawa sun ɗauke shi ɓarnar kuɗi, suna cewa ƙarfe da ruwan gishiri ba su zaman lafiya. Duk da haka shekara 25 suka yi suna aiki, sai cikin 2017 aka kwance su.

Babban gwaji shi ne na Horns Rev, cikin Tekun Arewa, wajen mil 9 daga gaɓa, inda aka kafa injuna 80 cikin 2002 bisa umarnin gwamnati. Masu gardama sun kusa yin gaskiya. Ba a yi shekara biyu ba gishiri da danshi suka ci kayan ciki, har cikin 2004 aka sauke kawunan injunan duka, aka kai tudu aka gyara, aka mayar. Hasara ce babba, amma a nan aka koyi sana'ar. Sa'ad da aka buɗe Kriegers Flak cikin 2021, injin guda daga cikin 72 da ke wurin ya fi na Vindeby duka ƙarfi, kuɗin wutarsa kuwa wajen sulusin na Anholt ne, wadda aka buɗe cikin 2013. Cikin 2019 iska, ta tudu da ta teku, ta ba da kashi 47 cikin ɗari na lantarkin da ƙasar ta sha. Kamfanin mai na gwamnati, DONG, ya sayar da rijiyoyinsa cikin 2017, ya sake suna ya zama Ørsted.

Sai dai akwai abu biyu da masu yabo kan manta. Na ɗaya, Denmak ba ita kaɗai ta ɗauki wannan kaya ba. An ja wayoyi ta ƙarƙashin teku zuwa Norwe da Suwidin, daga ƙarshen 2023 har Ingila. Ran da iska ta yi yawa a sayar musu, ran da ta kwanta a sayo wutar madatsun ruwan Norwe. Ƙasar da ba ta da irin waɗannan maƙwabta, lissafinta daban ne.

Na biyu, tun farko gwamnati ce ke lamunce wa kamfanoni farashi, ita ke sa su yarda su zuba kuɗi cikin ruwa. Da wuta ta yi araha, sai mahukunta suka zaci lokaci ya yi da za su janye hannu. Suka sa fili uku na Tekun Arewa a kasuwa ba tallafi, alhali ƙarfe ya yi tsada, ruwan bashi ya hau. Wa'adi ya cika cikin Disamba 2024, ba kamfani ko ɗaya da ya taya. Cikin 2025 dole gwamnati ta koma ta sake alkawarin lamunce farashi, aka sake sa filaye a kasuwa.