Daga Hatimin Malamin Katsina Zuwa Harsunan Kwamfuta: Tarihin Gwada Ƙananan Ayyuka

Wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Kwaya ya miƙa hanyar Dutsin-ma, zai wuce manyan makarantu inda ɗalibai ke koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Galibinsu suna ɗauka cewa wahalar gano kuskure a cikin lissafi baƙuwa ce, tare da na'ura ta zo. Alhali kuwa wani malami ɗan ƙasar Katsina ya riga ya yi aiki da tushen maganinta tun ƙarni na 18.

Sunan malamin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya bar gida ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma a can ya rasu cikin 1741. A shekarar 1732 ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, watau uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Asiran da ake jingina wa hatimi ba su ne abin nufi a nan ba; lissafinsa ake magana.

Hatimi yana da sharaɗi guda sananne: jimlar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, dole ta zama ɗaya. A mai gidaje uku-uku jimlar 15 ce, a mai biyar-biyar 65, a mai bakwai-bakwai 175. To, a lura da abu biyu. Na farko, mai dubawa ba ya bukatar sanin yadda aka cika gidajen. Layuka 12 na hatimin biyar-biyar kawai zai tara, in ɗaya ya saɓa, an yi kuskure. Na biyu, sharaɗin jimla shi kaɗai bai isa ba, domin wanda ya zuba 13 a dukkan gidaje 25 zai sami 65 ta ko'ina, amma bai yi hatimi ba. Sai an ƙara cewa kowace lamba daga 1 zuwa 25 ta fito sau ɗaya tak. Har ila yau, hanyar da ke cika gidaje mara ba ta cika gidaje cika, kuma hatimin biyu-biyu ba ya yiwuwa sam. Watau kowace dabara tana da iyakarta, kuma a bakin iyakar nan kuskure ya fi ɓuya.

Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai, masana a Ingila suka ci karo da wannan matsala ta wata fuska. A watan Mayu na 1949 na'urar EDSAC ta fara aiki a Jami'ar Kambirij ƙarƙashin Maurice Wilkes. Shi da abokan aikinsa suka ga cewa wasu ƙananan lissafai suna maimaituwa a kusan kowane aiki, sai suka rubuta su daban, suka adana su a kan zaren takarda mai huji, duk mai bukata ya ɗauka. Waɗannan su ne kakannin abin da za a iya kira 'yan aike: guntayen umarni waɗanda babban tsari ke aika su yi abu guda su kawo amsa. Amfaninsu a fili yake, haɗarinsu ma haka, domin ɗan aike ɗaya mai kuskure yana ɓata duk aikin da ya dogara da shi. A watan Yuni na wannan shekara, a wani taro a Kambirij, Alan Turing ya ba da shawarar cewa mai rubuta umarni ya riƙa faɗin abin da ya wajaba ya tabbata a kowane mataki, don mai dubawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wahalar ita ce, a yawancin harsunan kwamfuta ɗan aike yana iya taɓa abin da ba a aike shi ba, ya canja wata lamba a wani wuri, amsarsa ta yau ta bambanta da ta jiya. Maganin wannan ya fito daga lissafin da Alonzo Church ya tsara a Amurka cikin shekarun 1930, inda kowane aiki yake karɓar abu ya mayar da abu, ba ƙari. John McCarthy ya ɗauki wani ɓangare na tunanin ya ƙirƙiro harshen Lisp a 1958. Cikin shekarun 1970 Robin Milner ya samar da harshen ML a Jami'ar Edinbara, wanda ke duba jinsin kowane abu tun kafin a fara aiki, ta yadda ba za a miƙa suna inda ake jiran lamba ba. A 1990 aka fitar da Haskell, inda ƙa'ida ta zama cewa tambaya ɗaya amsarta ɗaya ce kullum. Da haka ɗan aike ya koma kamar hatimi: ana iya ware shi a gwada shi shi kaɗai.

Saura tambayar da me za a gwada shi. Mutum yakan zaɓi misalai uku ko huɗu waɗanda ya riga ya yi tunaninsu, kuskure kuwa yana inda tunaninsa bai kai ba. Masanin nan na Holan, Edsger Dijkstra, ya daɗe da gargaɗin cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu. Duniya ta ga haka ranar 4 ga Yuni 1996, lokacin da kumbon Ariane 5 na Turai ya tarwatse bai cika minti ɗaya da tashi ba. An ɗauko wani guntun umarni da ya yi aiki lafiya a Ariane 4, aka sa shi a sabon kumbo mai gudun da ya fi na da, sai lamba ta fi ƙarfin gidan da aka tanadar mata. Dabarar gidaje mara ce aka kai wa gidaje cika.

A shekarar 2000, Koen Claessen da John Hughes na Jami'ar Chalmers a ƙasar Suwidin suka fito da QuickCheck domin Haskell. Maimakon misalai, mai rubutu sharaɗi yake rubutawa, na'ura kuma ta ƙirƙiro gwaji 100 barkatai ta auna su da shi. In ɗaya ya faɗi, sai ta yi ta rage shi har ta kai ga mafi ƙanƙantar misalin da ke karya sharaɗin, ta miƙa wa mai gyara. Sai dai darasin lamba 13 yana nan: sharaɗi rago gwaji rago yake haifarwa, ko an maimaita shi sau dubu.

Wannan magana ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Albashi da fansho da sakamakon jarrabawa duk suna ratsawa ta hannun irin waɗannan 'yan aike: mai ƙirga kwanaki, mai tara kwabo ya zama naira, mai jera sunaye. Ma'aikacin da aka kawo wa sabon tsari ya sa hannu yana da haƙƙin ya yi tambaya uku. Wane sharaɗi kowane guntu zai cika? An gwada shi a bakin iyaka, kamar ranar 29 ga Fabrairu ko jerin da babu kowa a ciki? In an ɗauko shi daga wani tsohon aiki, an sake gwada shi a sabon wurinsa? Wanda ya rasa amsar waɗannan bai gama aikinsa ba, kamar yadda almajirin da ya cika hatimi bai gama ba sai ya tara layukansa.