Yadda lantarki ke aiki a motar da ake kwana a cikinta

A Birtaniya da sauran ƙasashen Turai mutane da dama na yawon hutu a motocin da ke ɗauke da gado da kicin da banɗaki. A tsakiyar Landan, kamar unguwar Aldwych, ba a tanadar musu masauki ba, sai dai su nufi sansanoni irin na Abbey Wood a kudu maso gabashin birnin, inda ake jona musu wuta.

Irin wannan mota na da tsarin lantarki iri biyu, kuma kowane da irin haɗarinsa.

Na farko shi ne mai ƙarfin bolt 12, wanda ke fitowa daga batir na musamman, daban da wanda ke tayar da injin. Shi ke kunna fitilu da famfon ruwa, ana kuma yi masa caji da injin motar ko farantin sola. Idan batirin na darma ne, ba a so a zuƙe fiye da rabin cajinsa, domin hakan na rage masa kwana.

Ana yawan raina wannan ƙaramar wuta saboda ba ta jan mutum, alhali tana iya haddasa gobara. Inbata mai wat 1,000 na jan sama da amfiya 80 daga batirin. Siririyar waya ba za ta jure ba, sai ta yi zafi har robarta ta narke. Shi ya sa ake amfani da waya mai kauri, a kuma sanya fiyus dab da batirin. Duk mai inbata a gidansa a Kano ko Maraɗi, wannan ƙa'ida ta shafe shi.

Na biyu shi ne mai bolt 230, irin na gidajen Birtaniya da Najeriya, wanda ke iya kisa. Ana samun sa daga turken sansani ta doguwar waya da ba ta wuce mita 25. Ana fara jona ta a jikin motar kafin a kai ta turken, idan za a cire kuma daga turken ake farawa. A warware ta gaba ɗaya, domin wayar da ke nannaɗe kan tara zafi.

Yawancin turakun ba sa ba da fiye da amfiya 16, wato wat 3,680. Butar lantarki ta gida kaɗai kan ci wat 3,000, don haka da an haɗa ta da hita sai wutar ta ɗauke.

Akwai kuma na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurara ta jikin mutum ko ƙarfen motar. Tana da maɓallin gwaji, wanda ya kamata a danna duk lokacin da aka jona wuta.

Janareta kuwa a ajiye shi waje, nesa da tagogi, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.