Ɓerayen da Suka Riƙe Mana Bincike

Ranar da na fara digiri na biyu a fannin sinadaran jiki, farkon shekarun 1990, abin da malamina ya fara damƙa mini makullin ɗakin ɓeraye ne. Mun karɓo ƙwayar cutar sammore daga cibiyar bincikenta da ke Kaduna. A inda ake da hali, daskarar da ita ake yi cikin ruwan naitirojin, ta yi shekaru ba abin da ya same ta. Mu ba mu da shi, sai jikin farin ɓera ya zama rumbunmu. Kullum da safe in ɗan tsaga bakin wutsiya, in ɗiga jini a gilashi, in leƙa madubin gwaji. Idan an ɗauke wuta sai in jawo shi bakin taga, in karkata madubin ƙasa ya tari hasken rana. Can za ka ga ƙwayoyin cutar suna wutsil-wutsil tsakanin jajayen ƙwayoyin jini kamar tarwaɗa a ruwan da ya janye. Da sun yi yawa ka san ɓeran ya kusa, sai ka zuƙi jininsa ka sa wa wani lafiyayye. Ka yi sakacin kwana biyu ya mutu da dare, aikin shekara ya bi shi.

Dattijon da ke kula da ɗakin ya ga jiya, ya ga yau. Yakan ce mini, "Malam, kun zo bayan an tashi kasuwa." Gaskiya ya faɗa. A shekarun 1970 nan Zariya na cikin wuraren da duniya ke sauraro a harkar cututtukan ƙasashe masu zafi. Eldryd Parry da abokan aikinsa sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka bi sawun abin har cikin gidaje, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. David Warrell ya duƙufa kan saran maciji. Brian Greenwood da Hilton Whittle suka sa sanƙarau a gaba, kuma a 1979 Sadiq Wali da abokansa suka nuna cewa allura guda ta chloramphenicol mai daɗewa a jiki na iya warkar da shi, abin da ya zama makamin yaƙi da annobar a faɗin Sahel. A Garki, cikin Jigawa ta yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi daga 1969 zuwa 1976 tana gwada feshi da rabon magani kan zazzaɓin cizon sauro. Kelsey Harrison kuwa ya bi haihuwa 22,774 a Zariya, ya fitar da sakamakon a 1985, ya nuna yadda rashin karatu da rashin zuwa awo ke cin rayukan mata. Abin da ya fi burge ni da wannan zamani shi ne duk tambayoyinsu a ƙofar asibiti suka tsince su.

Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu. Naira da ta fi dala daraja kafin nan, zuwa 1993 sai ka ba da fiye da 20 ka karɓi dala ɗaya. Kusan duk sinadarin da muke aiki da shi daga waje yake zuwa. Mujallu suka daina shigowa laburare, manyan malamai suka watse zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka. Ban taɓa ganin laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Waɗanda suka zauna su ne suka koya mana sana'ar da ba ta cikin manhaja. Bakin fifet na roba da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, mu wankewa muke yi mu dafa a tukunyar turiri. Dusar kaji ta ɓeraye daga albashin malamina take fitowa. Muna rubuta wa baƙin masana wasiƙa mu roƙi kwafin maƙalarsu, mu jira wata biyu. Lokacin dogon yajin aiki, makaranta ta zama kufai, ni da dattijon nan muna zuwa kullum, don ƙwayar cuta ba ta san yaji ba. Duk da haka akwai daren da janareta ya tsaya, firiza ta narke, jinin da na yi wata takwas ina tarawa ya lalace. Na zauna a dakali na kasa magana. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Tashi, Malam, ɓerayenka na nan da rai." Da su na sake farawa.

Wanda ya nuna mana cewa ana iya kai wa ga gaci ta wannan hanya shi ne marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello. Yakan je Jamus da Japan ya yi aikin da ke buƙatar manyan na'urori, ya dawo Zariya da dabaru da abokan hulɗa, ya tura ɗalibansa su ma. Aikinsa kan sialidase, sinadarin da ƙwayar sammore ke kankare fuskar jajayen ƙwayoyin jini da shi har dabba ta rasa jini, ya ba shi kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Ya rasu a 2017.

Yau da sauƙi. Yajin aikin malaman jami'a na 1992 ƙarƙashin Attahiru Jega ya haifi asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, kuma da yawanmu da kuɗinsa muka fara riƙe bincike namu na kanmu. Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike da horarwa a Damaturu a 2021, da na'urorin da a da sai an ƙetare teku ake ganin irinsu. Amma har yanzu ɗalibi ne ke sayen sinadarin gwajinsa da dala, kuma yawanci ɗan mai hali ne ke jurewa har ƙarshe. Wannan ke ci mini tuwo a ƙwarya, don na san masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka ajiye karatu saboda kuɗin kwalba ɗaya.

Firizarmu yanzu da hasken rana take aiki. Makon jiya wata ɗalibata ta jera samfuranta a ciki za ta tafi hutu, na ce ta raba su biyu, ta kai rabi firizar wani sashen, sannan ta bar mini makullin ɗakin ɓeraye.