Yadda kwano ya raba mu da saman soro

Kafin layin dogo ya iso Kano a 1911, da azarar giginya ake rufin soro, don gara ba ta cika cinta ba. A jera ta, a shimfiɗa zana, a danne da ƙasa. A saman nan ake shanya, ana kuma hawa shan iska idan bazara ta matsa. Amma kowace shekara kafin ruwan farko sai an toshe tsaga, an shafe da makuba, an share indararo. Wanda ya yi sakaci, ɗaki kan rufto masa a tsakiyar damina.

Kwano ya sauke wa magidanta wannan wahala, sai dai ba a zama a kansa. Masu zuba dakin a yau sun dawo da shimfiɗaɗɗen rufi, amma yawanci tankin ruwa da sola kaɗai ke kwana a can.